Idan kwamfuta ta ce filasma za ta rushe, wa zai tambaye ta dalili?

A watan Fabrairun 2024 wani labari ya yi ta yawo a wayoyin matasanmu na Kumasi, daga majalisun Aboabo da Asawase har ɗakunan ɗalibai a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wai ƙirƙirarriyar basira ta gama warware matsalar lantarkin duniya. Mutanen da suka sha wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba za a ga laifinsu ba idan irin wannan labari ya faranta musu rai. Sai dai abin da ya faru bai kai haka ba, kuma ni a ganina ainihin labarin ya fi na wayar ban sha'awa. Wasu masana ne na jami'ar Princeton, ƙarƙashin Farfesa Egemen Kolemen, suka horar da manhaja ta riƙa hango wata irin yagewa da ke samun filasma, wato gas mai tsananin zafi, a cikin DIII-D, na'urar gwajin samar da makamashi ta haɗa ƙwayoyin nukiliya da ke San Diyego a Amurka. Tana hango ta tun da sauran milisakan 300, wato ƙasa da sulusin daƙiƙa, sannan ta sauya ƙarfin ɗumamawa da siffar filasmar don kauce mata. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature. Aiki ne babba, amma ya bar wata tambaya da masana fannin ke ta fama da ita har yau: me manhajar ta gani da ya sa ta yanke wannan hukunci?

Kafin a kai ga tambayar sai an san abin da ake gadi. Injin nukiliyar da muke da shi a Gana, ƙaramin injin binciken nan na Kwabenya mai ƙarfin kilowat 30, tsaga ƙwayar yuraniyam yake yi. Wanda ake magana a nan akasin haka yake: ana ɗaukar nau'o'i biyu na haidurojin, diyutiriyam da tiritiyam, a tilasta musu haɗewa, su zama hiliyam su saki makamashi, irin abin da ke sa rana haske. Ƙwayoyin ba sa son kusantar juna domin cajinsu iri ɗaya ne, sai an dafa su zuwa digiri miliyan 100 ko fiye. A wannan zafi iskar gas ta tashi daga gas, ilektaron sun rabu da ƙwayoyinsu, ta zama filasma. Babu ƙarfen da zai riƙe ta, don haka ake rataye ta a tsakiyar wani ɗaki mai siffar zobe da ƙarfin maganaɗisu. Wannan na'ura ita ce tokamak, irin DIII-D ɗin nan, wadda masanan Tarayyar Sobiyet, Andrei Sakharov da Igor Tamm, suka tsara tunaninta a farkon shekarun 1950.

Raunin tokamak yana cikin yadda aka gina ta. Wani ɓangare na maganaɗisun da ke riƙe filasmar daga filasmar kanta yake fitowa, domin ana tura lantarki mai yawa ya riƙa zagayawa a cikinta. A ITER, babbar tokamak da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, wannan lantarki zai kai ampiya miliyan 15. Muddin filasma na da zafi, lantarkin na gudana cikin sauƙi. Da ta huce farat ɗaya sai ta daina ɗaukarsa, kejin da ke riƙe ta ya wargaje. Wannan ita ce rushewar filasma, kuma ɓarnarta kashi uku ce. Na farko zafi: filasmar ITER za ta iya ɗauke da makamashin zafi da ya kai megajul 350, kusan yunit 100 na mitar gida ke nan, amma zai zuba a kan bango cikin milisakan ɗaya ko 'yan kaɗan, ya narkar da fuskar ƙarfe. Na biyu girgiza: lantarkin da ya rasa hanya yana kwarara cikin jikin ɗakin, ya haɗu da maganaɗisu, ya haifar da ƙarfi irin na ɗaruruwan tan. An sha ganin haka a JET, tokamak ɗin Turai da ta yi aiki a Kulham ta Ingila daga 1983 zuwa ƙarshen 2023. Na uku shi ne wanda ya fi tsoratar da injiniyoyi: wasu ilektaron suna tserewa da gudu kusa da na haske, su dunƙule su zama bim guda da zai iya huda bango har ya kai bututun ruwan sanyaya.

Kada a ɗauka wannan irin haɗarin tashar nukiliyar Canobil ne, wadda ta fashe a 1986. Man da ke cikin ɗakin a kowane lokaci 'yan giram ne, kuma da filasma ta huce haɗewar ta tsaya. Na'urar ce ke cikin haɗari, da watannin gyara, da biliyoyin kuɗin ƙasashen da suka haɗa hannu: Tarayyar Turai, Amurka, Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu da Rasha.

ITER na da makamin gaggawa. Ana daskarar da haidurojin da niyon su zama ƙanƙara, a harba su da ƙarfi, a farfasa su a bakin shiga, gutsattsarin su shiga filasma su sa ta fitar da zafinta a matsayin haske ta kowane ɓangare maimakon ta ƙona wuri guda. Amma makamin na buƙatar a sanar da shi aƙalla milisakan 30 kafin rushewa, kuma ana son mai sanarwar ya kama fiye da kashi 95 cikin 100 na rushe-rushen. Ƙiftawar ido kanta ta fi milisakan 100. Babu ɗan Adam da zai yi wannan gadi, dole sai kwamfuta.

Tun kafin zuwan koyon na'ura masana suna da iyakokin da suka gano ta hanyar gwaji. Mafi shahara ita ce iyakar Greenwald, wadda Martin Greenwald na jami'ar MIT ta Amurka ya fitar a 1988. Lissafinta ɗan sakandare zai iya yi: ka ɗauki lantarkin filasma a ma'aunin miliyoyin ampiya, ka raba shi da faɗin yankin filasmar, abin da ka samu shi ne iyakar cunkoson da za ta jure. Ga ITER, inda rabin kaurin zoben filasmar mita 2 ne, 15 a raba da 3.14 sau 2 sau 2, ya ba da kusan 1.2. Akwai kuma iyakar Troyon ta 1984 kan matsin filasma, da wata iyaka kan yadda layukan maganaɗisu ke murɗewa, wadda idan ta sauko kusa da 2 a gefen filasma to an shiga haɗari. Kyawun waɗannan ƙa'idoji shi ne kowa na ganin cikinsu. Matsalarsu kuwa filasma na rushewa sau da yawa ba tare da ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, wani lokaci kuma ta ƙetare su lafiya lau. A 2024 an wallafa cewa DIII-D ta riƙe filasma mai cunkoson da ya haura iyakar Greenwald da kusan kashi 20 cikin 100.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A 2011 Peter de Vries da abokan aikinsa sun bi diddigin rushewa 2,309 da suka faru a JET cikin shekaru goma, ɗaya bayan ɗaya, suna neman mafarin kowace. Sun gano cewa rushewa ƙarshen sarƙa ce mai zobba da yawa. Ga misalin sarƙa guda: ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya ɓalle daga bango ya shiga filasma, ya sa ta zubar da zafi ta hanyar haske, wani yanki ya huce, lantarki ya sauya hanyar binsa, layukan maganaɗisu suka yage suka zama tsibirai, tsibiran suna juyawa tare da filasma har bango ya ja musu birki suka tsaya cik, daga nan sai rushewa. Sanadin da ya fi yawa a binciken shi ne wannan yagewa, na biyu kuma kuskuren masu sarrafa na'urar. Hanyoyin zuwa rushewa suna da yawa, suna kuma sarƙewa da juna, abin da ya sa aka juya ga manhajojin da ke koyo daga bayanai.

Yadda ake koyar da su ba boyayye ba ne. Kowane kunna filasma ana kiransa harbi, kuma manyan na'urori suna da tarihin dubban harbe-harbe, kowanne da awon zafi, cunkoso, haske da maganaɗisu na kowane milisakan. Sai a nuna wa manhaja waɗanda suka rushe da waɗanda suka ƙare lafiya, ta nemo wa kanta alamomin da ke bambanta su. JET ta yi amfani da irin wannan mai hasashe da ake kira APODIS tun farkon shekarun 2010. A 2019 Julian Kates-Harbeck da Alexey Svyatkovskiy da William Tang suka wallafa wata manhaja mai zurfi, irin wadda aka gina bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, suka nuna cewa za a iya horar da ita da bayanan DIII-D ta yi hasashe a kan JET. A 2022 kuma aka wallafa yadda kamfanin DeepMind da masanan Lozan ta Suwizalan suka bar manhaja ta sarrafa naɗe-naɗen maganaɗisu 19 na tokamak ɗin TCV kai tsaye. Irin waɗannan manhajoji suna da lambobi dubbai ko miliyoyi a cikinsu da suka daidaita kansu yayin horo. Wanda ya rubuta manhajar ma ba zai iya buɗe ta ya nuna maka inda ta ajiye iliminta ba. Abin da ke fitowa daga masu hasashen lamba ɗaya ce tsakanin 0 da 1: haɗari kaza.

Wani zai ce in dai tana faɗin gaskiya, ina ruwanmu da dalili? Na ji wannan daga bakin ɗalibai masu kaifin basira, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya.

Duk wanda ya taɓa kai mota Magazin ta Suame ya san bambancin makanikai biyu. Ɗaya zai saurari inji ya ce maka, "Alhaji, motar nan ba za ta kai Tamale ba." Ko da bai taɓa kuskure ba, abin da za ka iya yi da maganarsa ɗaya ne, ka ajiye motar ka fasa tafiya. Ɗayan zai ce, "Alhaji, famfon ruwa ne ke yoyo, inji zai yi zafi kafin Kintampo." Wannan ya ba ka abin yi: a gyara famfon, a kama hanya. Kuma yaran shagonsa da ke tsaye sun koyi abin da za su ɗauka zuwa wata mota daban. Manhajar da ke ba da lamba kawai ita ce makaniken farko. Amsar da za a iya ba ta ita ce a harba ƙanƙarar nan a kashe filasma. A na'urar bincike wannan asarar harbi ɗaya ce. A tashar lantarki kuwa ɗauke wa gari wuta ne, kuma ko kashewar gaggawar tana gajiyar da bango. Abin da ake so shi ne kaucewa tun da wuri, shi kuwa kaucewa ya danganta da sanadi. In cunkoso ne ya yi yawa, a rage gas. In tsibiri ne ke girma, a auna shi da igiyar maikurowef a daidai inda yake. In datti ne ya taru a tsakiya, a ƙara ɗumama tsakiyar don a kore shi. Maganin wani sanadin yana iya ƙara dagula wani, don haka na'urar sarrafawa ba za ta iya yin kirdado ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya sa nake ganin batun fahimtar manhaja ya wuce ado. ITER ba za ta iya tara wa kanta bayanan horo ba. Manhaja na buƙatar ɗaruruwa ko dubban misalan rushewa kafin ta ƙware, ITER kuwa ba za ta jure ko kaɗan daga wannan adadi ba a cikakken ƙarfinta. Dole a horar da mai gadinta a kan ƙananan na'urori, sannan a kai shi inda bai taɓa gani ba, wurin da lantarki ya ninka wanda JET ta saba aiki da shi sau uku ko fiye. Manhajojin koyo suna ƙwarewa a cikin iyakar abin da aka nuna musu, da sun fita daga nan babu tabbas, kuma ba sa faɗa maka sun fita. An ga alamar haka a JET kanta. A 2011 aka cire bangonta na kabon aka sa na beriliyam da tangistan, sai yanayin rushe-rushen ya sauya, taruwar tangistan a tsakiyar filasma ta zama babban sanadi, wasu masu hasashen da aka horar a zamanin kabon suka rage kaifi. Na'ura ɗaya ce, gini ɗaya, bango kawai aka sauya. To ina ga tsallakawa zuwa wata ƙasa da wata na'ura? Hanyar da za a san ko abin da manhaja ta koya zai yi tafiya ita ce a duba menene shi. In ta dogara ga abin da ke da tushe a kimiyyar filasma, akwai fata. In kuwa ta haddace wata ɗabi'a ce ta wata na'urar awo a San Diyego, to ba za ta amfani kowa a Kadarash ba, komai kyawun makinta a jarrabawa.

Likitoci sun riga masana filasma cin karo da wannan. A shekarun 1990 an horar da manhajoji a Amurka su riƙa hasashen waɗanne masu ciwon nimoniya ne suka fi fuskantar mutuwa. Wata manhaja mai sauƙi, wadda ake iya karanta ƙa'idojinta, ta fito da ƙa'ida cewa mai asma haɗarinsa ya fi ƙanƙanta. A cikin bayanan haka ne, domin masu asma ana garzayawa da su ɗakin kulawa ta musamman, sai su fi tsira. Da an bi manhajar an tura su gida, da an yi ɓarna. Rich Caruana, wanda ya ba da labarin a 2015, ya ce wannan ne ya sa ba a yi amfani da manhajar jijiyoyin da ta fi kowa maki ba, tunda babu yadda za a leƙa cikinta a ga irin wannan kuskure. A tokamak tarkon iri ɗaya ne. Idan masu sarrafa na'ura sun saba rage wuta duk lokacin da suka ga matsala, manhaja za ta iya koyon cewa rage wuta ne alamar rushewa, alhali martani ne ga matsalar.

Hanyoyin da ake bi

Hanya ta farko ita ce a gina manhajar tun asali yadda za a iya bin sawunta. Cristina Rea ta MIT da abokan aikinta sun yi haka da tsarin da ake kira dajin bishiyoyin tambaya. Kowace bishiya jerin tambayoyi ne: cunkoso ya haura kashi kaza na iyakar Greenwald? Alamar tsayawar tsibiri ta wuce kaza? Hasken da ke fita ya kai kaso nawa na wutar da ake shigarwa? Bishiyoyi da yawa su kaɗa ƙuri'a, a haɗa. Da yake ana iya bin kowane reshe, ana iya lissafa gudummawar kowace alama ga hukuncin ƙarshe. Sun ɗora wannan a kan na'urar sarrafa DIII-D yana aiki kai tsaye, daga baya aka kai shi EAST da ke Hefei a ƙasar Sin, kuma lissafin na kammaluwa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Wato tare da lambar haɗari ana samun bayanin cewa yawancinsa daga cunkoso ya fito, ko daga siffar lantarki. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne alamomin da aka ba manhajar ba ɗanyen awo ba ne. Ma'aunai ne da masana suka riga suka san ma'anarsu, kuma yawancinsu kaso ne marar ma'auni, irin wanda ke da ma'ana ɗaya a ƙaramar na'ura da babba.

Steven Sabbagh na jami'ar Columbia ya bi ta wata ƙofar da tsarinsa DECAF. Shi yana gano zobban sarƙar ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gwajinsa na kimiyya, ya jera su bisa lokaci, kamar aikin de Vries amma kwamfuta ke yi nan take. An gwada shi a KSTAR ta Koriya ta Kudu da wasu na'urori.

Hanya ta biyu ita ce a bar baƙin akwatin, wato manhajar da ba a ganin cikinta, yadda yake, a zo daga baya a yi masa tambayoyi. Mafi shahara a nan shi ne SHAP, wanda Scott Lundberg da Su-In Lee suka gabatar a 2017, bisa lissafin da Lloyd Shapley ya yi tun 1953 kan yadda za a raba riba da adalci tsakanin abokan haɗin gwiwa. Ana ɗaukar kowace alama a matsayin abokiyar tarayya, a duba yadda hasashe ke sauyawa idan tana nan da idan an cire ta, a cikin duk haɗe-haɗen da za su yiwu, sannan a ba ta rabonta. Masanan tokamak ɗin J-TEXT da ke Wuhan suna cikin waɗanda suka yi amfani da shi a kan hasashen rushewa. Akwai kuma taswirar da ke haskaka wane ɓangare na awon zafi ko hoton kyamara ne manhajar ta fi kallo.

A nan ne nake son ƙannena masu karatun kwamfuta su yi taka-tsantsan, domin zanen SHAP yana da kyau a ido, yana kuma sa mutum ya ji kamar ya fahimci filasma. Abin da SHAP ke bayyanawa halin manhaja ne. Idan manhajar ta koyi shirme, zai zana maka shirmen da launuka masu kyau. Sannan alamomin tokamak suna tafiya tare: cunkoso na hawa, haske na ƙaruwa, zafin gefe na sauka, duk a lokaci guda. Lissafin zai iya ɗora nauyin a kan ɗaya ya bar sauran, ko ya raba musu ta yadda babu wadda ta fito fili, kuma idan ka sake horar da manhajar rabon ya sauya. Ƙari a kan haka, cire alama ɗaya a bar sauran yana ƙirƙiro filasmar da ba za ta taɓa wanzuwa ba, misali mai cunkoso sosai amma babu hasken da ke biye da shi, sai a tambayi manhaja ra'ayinta kan abin da bai yiwuwa. Farfesa Cynthia Rudin ta jami'ar Duke ta yi jayayya a 2019 cewa a harkokin da kuskure ke da tsada, gara a gina manhajar da ake gane ta tun farko da a riƙa ƙirƙiro wa baƙin akwati bayani daga baya. A batun kare ITER ina tare da ita.

Akwai kuma matsalar ihu bayan hari. Idan ka tambayi yawancin masu hasashen nan wace alama ce ta fi muhimmanci, za su nuna tsayawar tsibirin maganaɗisu. Gaskiya ne, amma wannan zoben kusa da ƙarshe ne a sarƙar, kuma JET ta daɗe tana da ƙararrawa mai sauƙi a kansa ba tare da wata basira ba. Bayani mai amfani shi ne wanda ke nuna zoben farko, lokacin da ake da ɗaruruwan milisakan na yin wani abu. Can baya kuwa alamomin suna da rauni, ƙararrawar ƙarya ta fi yawa, kuma a nan ne aikin yake da wuya.

Ban yarda a jefar da manhajoji masu zurfi ba. Suna iya karanta ɗanyen awo mai ɗimbin yawa, su tsinto alamar da babu masanin da ya taɓa tunanin ya auna. Wurinsu a ganina shi ne farauta. Su nuna inda abu yake, masana su bi su fassara shi zuwa ma'aunin da ke da ma'ana, sannan a gwada. Kimiyyar filasma tana da wata dama da likitanci ba shi da ita: ana iya maimaita harbi. In bayani ya ce cunkoson gefe ne ya jawo rushewa, sai a sake harbin a sauya wannan kaɗai a gani. In hasashen ya cika an samu ilimi, in bai cika ba an kama manhajar tun kafin a damƙa mata na'ura mai tsada. Wasu ma suna amfani da dabarar da ke sa kwamfuta ta nemo gajeren lissafi daga bayanai maimakon tarin lambobi, don a samu wani abu mai kama da iyakar Greenwald amma ya fi ta daidai. Ita kanta iyakar an sake duba ta: a 2022 ƙungiyar Paolo Ricci a Lozan ta fitar da lissafi daga tushe da ke nuna cewa iyakar cunkoso ta danganta har da yawan wutar ɗumamawa, abin da tsohuwar ƙa'idar ba ta ƙunsa ba, kuma ITER na iya jure kusan ninki biyu na abin da aka zata. Irin wannan sakamako ana iya rubuta shi a allo, a yi gardama a kansa, a ɗauke shi zuwa na'urar da ba a gina ba tukuna.

Ina Gana a cikin wannan? Ba mu cikin ƙasashen ITER, ba mu da tokamak, kuma bisa jadawalin da aka sabunta a 2024 ITER ba za ta fara aikin bincike ba sai 2034, gwajin diyutiriyam da tiritiyam kuma sai 2039. Wanda ke jiran wannan ya kawo ƙarshen ɗauke wuta a Sabon Zango zai daɗe yana jira. Amma ƙasar da Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliyarta a Kwabenya a 1964, ƙasar da ta haifi Farfesa Francis Allotey wanda ya koyar a nan Tek ya kuma shugabanci hukumar makamashin nukiliya, ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kuma wannan reshe na binciken bayanai da lissafi yake buƙata fiye da ƙarfe. Google ta buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Akara a 2019, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, AIMS, na horar da matasa a lissafi. A 2023 an shirya gasar hasashen rushewar filasma a dandalin Zindi, inda masana bayanai na Afirka ke fafatawa, da bayanan gaske daga J-TEXT da HL-2A na ƙasar Sin da Alcator C-Mod ta MIT. An tsara ta ne daidai kan matsalar da na bayyana: ka koya daga wasu na'urori, a jarraba ka a kan wata. Hukumar makamashin nukiliya ta Ingila ma ta buɗe bayanan tokamak ɗinta MAST ga kowa.

Ɗalibin da ke Aboabo mai laftof da data zai iya sauke irin waɗannan bayanai. Shawarata gare shi ita ce kada ya tsaya a neman maki mafi girma. Ya horar da manhaja biyu, mai sauƙi da mai zurfi, a kan na'ura ɗaya. Ya cire alamar tsayawar tsibiri gaba ɗaya ya ga abin da ya rage musu. Ya sake horon sau da yawa ya duba ko bayanin SHAP na tsayawa wuri guda ko yana yawo. Sannan ya kai su kan na'ura ta biyu ya lura da wadda ta fi faɗuwa, kuma a kan wane irin rushewa. Harbe-harben da manhajar ta kuskure su ne ya kamata ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, tare da wani ɗan sashen fiziks a gefensa da zai gaya masa ko abin da manhajar ta dogara a kai yana da ma'ana a cikin filasma.